Shaidar Alhaji a Kan Siririyar Waya

Ina da wata cuta, kuma na daina neman maganinta: ba na iya ganin wayar kuran, wato ta lantarki, a cukurkuɗe in yi shiru. In na shiga gidan mutum, kafin in gama gaisuwa idona ya bi bango ya gano inda aka liƙe waya da leda. Akwai ranar da na je gaida surukina a nan Tanut, yana ba ni labarin ciwon ƙafarsa, ni kuwa hankalina na kan wata waya da aka rataye a ƙusa saman kansa. Maiɗakina ta zungure ni har sau biyu. Washegari na koma da kayan aiki na gyara ta, kuma har yau tsohon bai san cewa ban ji ko kalma ɗaya a kan ƙafarsa ba.

A Damagaram na kwaso cutar, wurin malamin da ya koya mana aikin lantarki. In ka haɗa waya, fitila ta kama, kana washe baki, sai ya zo ya sa yatsa ya ja ɗaya. In ta biyo shi, ka warware duka ka sake. Yakan ce ranar da aka sa waya kowa gwani ne, kai dai ka yi aikin don ranar da za ta lalace ba ka nan. Mu kuwa sai mu jira ya juya baya mu yi ta kwaikwayon muryarsa.

Tare muka koya da taubashina, ɗan kawuna, amma shi maganar malam ta shiga ta kunnen nan ta fita ta wancan. Hannunsa da sauri kamar ɓarawon kasuwa, kuma na sha gaya masa haka a gabansa. In na yi ƙorafi a kan aikinsa sai ya ce, "Ta kama ko ba ta kama ba? To me kuma kake nema, aljanna?" Shi ya laƙaba mini suna mai kitson waya.

Lokacin da aka fara sa injin sola a rijiyoyin makiyaya na yankinmu, wani ɗan kwangila ya samu aikin foraj a wani zangon Abzinawa, can arewa da Tenhya. Foraj dai rijiya ce ta inji: famfo a can ƙasa, faifan sola a jere a rana, shato, wato babban tankin ruwa, a tsaye kan ƙafafunsa yana jiran ruwa. Taubashina ya fara haɗa wayoyin, aka janye shi zuwa wani aiki wajen Belbeji, aka ce in je in ƙarasa, saura aikin yini ɗaya. Wannan ne foraj na farko da aka taɓa ba ni. Duk mai sana'armu a Damargu ya san abinci ya koma can. Wanda ya samu shiga ya shiga, wanda aka rufe wa ƙofa sai ya koma gyaran tocila a kasuwa.

Da na buɗe akwatin kuran sai da na ja da baya na yi salati. Taliya! Ja ta hau baƙa, babbar wayar famfo ta danne ƙanana, wasu an ɗaure su da robar tayar moto, wasu suna lilo. Zan faɗi gaskiya: da na ɗaura wayoyi ukun da suka rage na ɗaga makunni, ruwa zai zo a ranar. Na san haka sarai. Labari kuma ya riga ya bazu cewa yau za a buɗe, garke-garke sun fara taruwa, ina jin kukan raƙuma a bayana. Na tsaya ina kallon akwatin nan har gumi ya shiga idona. Sannan na ciro almakashin waya na fara yankewa.

Kwana biyar na yi. Mutanen suka koma tsohuwar rijiyarsu mai zurfin tsiya, wadda sai an ɗaura wa jaki igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya fito. Duk wanda ya wuce ni sai ya harare ni. Ban ga laifinsu ba, amma ban fasa ba.

Manyan wayoyi masu ɗauke da kuran na bi da su ta hagu, ƙanana ta dama, babu wadda ta haye wata. A kwana ba na karya waya, lanƙwasa ta nake a hankali kamar bakin ƙwarya. Ƴan ɗaurin roba da ake sayarwa ban yarda da su ba, ranar Damargu ba ta barinsu su ga damina biyu, sai ka taɓa su su farfashe. Zaren dukawa na saya a Tanut, na goga masa kakin zuma, na bi wayoyin ina ƙulli kowane yatsa huɗu. Waɗanda za su fita waje na zura su a tiyo na binne kamu guda. Kowace waya kuma na bar mata rara, na naɗe a gindin akwatin na ɗaure, don ranar da za a buƙaci ƙari.

Mutum ɗaya ne bai harare ni ba, mai gadin da komiten ruwa na zangon ya zaɓa. Tsoho ne mai ƴan awaki, kullum yana inuwar shato yana dafa shayi yana kallon hannuna. A rana ta uku ina liƙa wa wayoyin lambobi sai ya matso.

"Malam, waɗannan ƴan rubuce-rubucen, wa zai karanta su?"

"Wanda zai zo gyara, Baba."

"Daga Tanut? To. Mu nan babu mai karanta su. A idona duk baƙaƙe ne, kamar awakin mutum ɗaya."

Na ga gaskiyarsa. Sai na tambaye shi yadda yake gane raƙuma in sun cakuɗe a bakin rijiya. Ya yi mini kallon da ake yi wa wanda ya tambayi ina rana ke fitowa, ya ja ni wurin wata taguwa ya nuna mini wuyanta. Kowane gida da shaidarsa, lalas da ake yi da ƙarfe mai zafi: wannan ƙugiya, wancan layi biyu, wancan sawun kaza. Yaro ɗan shekara biyar ya san su duka.

Nan take muka shirya. Ya yayyanka tsohuwar salka ƙanana-ƙanana, ya sa ƙusa a garwashin shayi, ya riƙa zana shaidar gidajen zangon, guda a kan kowace fata. Ni kuma zan ɗaura wa kowace waya tata, a farkonta da ƙarshenta. Tasa shaidar, sawun kaza, ita ya fara gwadawa a kan babban yanki. Ta shugaban komite, wani Alhaji da ya fi kowa raƙuma a zangon, zobe ce da ɗigo a tsakiya, ita ta zo ƙarshe, a kan ɗan guntun da ya rage.

Ga inda na yi wautar da ɗan birni kaɗai zai yi. Tsohon ya tafi shayar da awakinsa, ni kuma na raba fatun da ido: babbar fata ga babbar waya, ƙarama ga ƙarama. Sawun kazar mai gadi ya hau kan wayar famfo mai kaurin babban yatsa. Zoben Alhaji ya sauka a kan siririyar wayar da ta fi kowace ƙanƙanta, wadda ke gangarawa cikin rijiya wurin wata ƴar na'ura mai gaya wa inji ko akwai ruwa. Wallahi ban yi tunanin komai ba, kyau kawai na ga ya yi.

Ranar buɗewa ruwa ya zo, aka yi guɗa, aka yanka rago. Ina tsaye gefe ina jiran a ce sannu. Alhaji ya zo da mutanensa, rawani har ido, ya ce a buɗe masa akwatin ya ga abin da ya cinye kwana biyar. Na buɗe da alfahari. Ya sunkuya, ya ga fatun, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har ya iso kan tasa. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ne, Alhaji."

"Shaidar gidan ubana ce ka rataya wa zaren ɗinki? Ta mai gadi kuma ka ba ta babba?"

Mai hankali da ya ce a yi haƙuri, ya kwance ya sake, minti biyu an gama. Ni kuwa ga kwana biyar na harara a wuyana, ga yunwa, ga baƙar zuciyar da na gada wurin uwata. Na ce, "Alhaji, waya ba ta san mai raƙumi ba. Inda na sa ta nan za ta zauna." Na ji wani a baya ya ce subhanallahi.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya ce muddin yana numfashi hannuna ba zai sake taɓa foraj a ƙasar nan ba. Ya hana kowa taɓa fatar, wai a bar ta nan kowa ya ga rashin kunyar ɗan Tanut. Kafin in iso gida magana ta riga ni wurin ɗan kwangila: na ɓata kwana biyar, na kuma zagi babban mutum a gaban jama'arsa. Sauran foraj ukun da aka yi mini alkawari aka ba taubashina.

Na koma kasuwar Tanut, ƙarƙashin wata rumfa, ina gyaran fanka da tocila da cajar tarho. Abin ya ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Taubashina ya kan biyo a kan sabon motonsa ya tsaya ya ce, "Bawana, yau kitson wa ake yi? Zane ko shuku?" In ce masa ya wuce kafin in kitsa masa gemu. Muna dariya, amma in ya tafi sai in ji kamar in haɗiye zuciya. Maiɗakina ta ce in je in ba Alhaji haƙuri, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ce ta bari sai na mutu ta kai gawata ta ba shi. Ta ce, "To, Allah ya ba ka lafiya, kai da wayoyinka." Haka damina ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafinta.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, tarhona ya yi ƙara, lambar da ban sani ba. Na ɗauka, na ji iska da numfashin mutum. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Injin ya tsaya."

Na gane muryar. Na ce, "Alhaji, ina wuni? Ya iyali? Ya dabbobi?" Da gangan na ja gaisuwar, Allah ya yafe mini.

Ya amsa a gajarce, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Kwana biyu ke nan babu ruwa. Tsohuwar rijiya ta ja baya, sai laka, ga dabbobin zango uku a kwance a bakin shato. Sun kira taubashina, yana can bayan Belbeji, ya ce ba zai iso ba sai bayan kwana uku, kuma a ganinsa famfon ne ya ƙone, sai an kawo mota daga Damagaram an ciro shi. Mai gadi ne ya nace a kira ni. A zangon nan kuwa tarho ba ya kamawa sai a kan wani tudun rairayi da ke bayan foraj, kuma tarhon na Alhaji ne, ba ya ba kowa. Saboda haka Alhaji da kansa ne a tsaye kan tudu cikin rana, tsohon yana ƙasa gaban akwati, duk abin da na faɗa sai Alhaji ya ƙwala masa da ƙarfi, ya jira amsa, ya maido mini.

Na ture fankar da ke gabana na gyara zama. Na ce a tambayi Baba wace fitila ce ke ci a jikin injin. Na ji Alhaji yana ihu da yarensu, na ji wata ƴar murya daga nesa. Ja ce, ta ƙasa. Na yi murna, domin wannan fitilar ba ta famfo ba ce. Injin ne ke zaton rijiya ta ƙafe, ya tsaya don kada ya ƙone kansa.

"A ce ya fara sauke babban makunni, mai fatar ƙugiya. Kada ya taɓa komai sai fitilu sun mutu duka."

Aka yi. Na ce yanzu ya duba ta dama, ya kama siririyar wayar nan.

"Wacce?" in ji Alhaji.

Na ce, "Mai zobe da ɗigo, Alhaji. Taka."

Sannan na ji ya ƙwala, kuma ko ban san yaren ba na gane bai ji daɗin faɗar ba.

Na ce Baba ya bi ta da yatsa daga akwati har inda ta shiga tiyo, sannan ya je bakin rijiya inda ta fito, zai sake ganin zoben a can. Ita kaɗai ce a layinta, babu abin da zai ruɗe shi. Ina zaune ina jin iska a kunne, mutane sun fara taruwa a rumfata don sun ga yadda nake zare ido. Can sai muryar Alhaji ta dawo da sauri: an gani! Gafiya ta haƙa gindin tiyon ta gwaguye wayar, ta raba ta biyu. A nan ma akwai laifina, don bakin tiyon nan ya kamata in toshe shi da siminti ban yi ba. Wannan dai ban gaya wa Alhaji ba, sai yau da nake rubutawa.

"Ya ce ba za ta kai ba," in ji Alhaji. "An cinye kusan taƙi guda."

"Za ta kai. Ya koma akwati, a gindi zai ga na naɗe rara. Ya kwance ƙulli uku, ya ja ta a hankali daga bakin rijiya."

Ta kai, har da saura. Na bi da shi sannu-sannu: ya fere bakin wayoyin da wuƙarsa, ya ɗauko ɗan mahaɗi da abin ɗaure noti da na rataye a jikin ƙofar akwatin tun ranar farko, ja da ja, baƙa da baƙa, ya matse sosai, ya ja ya ji ko za ta biyo shi. Ba ta biyo shi ba. Na ce a ɗaga makunni.

"Babu komai," in ji Alhaji. "Ba ya motsi."

Na ce a jira, injin yakan ɗan dakata kafin ya yarda. Na faɗa ne da ƙarfin hali kawai. In ban canka daidai ba, na san sunana ya gama lalacewa, kuma wannan karon da hujja. Mai shayin kusa da ni ya miƙo mini kofi, ban ma gan shi ba.

Abin da na fara ji shi ne raƙuma. Suka ɗauki kuka gaba ɗaya, don su suka fara jin ƙarar ruwa a cikin shato. Sai guɗar mata ta biyo. Sai Alhaji, babban mutum mai rawani har ido, yana ihu a kunnena kamar yaro: "Ya zo! Malam, ya zo!" Na miƙe tsaye na buga kaina da rufin rumfa, na daka tsalle na ce Allahu akbar, na rungume mai shayi har kofin ya zube. Daɗin da na ji ran nan ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena, kuma maiɗakina ta san na faɗi haka.

Da hayaniya ta lafa, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Malam. Wato in wayata ta tsinke, injin duka tsayawa yake?"

"Ƙwarai kuwa, Alhaji. Babbar ma sai da izininta take aiki."

"Kuma ka san haka lokacin da ka ba ni ita?"

Na dubi sama, na nemi gafarar Ubangiji a zuciyata, na ce, "Haba Alhaji, wa kuma zan ba?"

Bayan kwana biyu motarsa ta tsaya gaban rumfata. Shi da bakinsa ya je ya gaya wa ɗan kwangila cewa duk foraj da ke ƙasarsu ni zan bi in sake wa waya, kuma kowanne a sa masa fatu. Na ji an ce har yau in baƙo ya sauka a zangon sai ya kai shi gaban akwati ya nuna masa wayar da ke mulkin sauran. Taubashina ya zo har gida, ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce, "Bawana, zaren nan naka a wace rumfa ake sayar da shi?" Na ce sai ya fara kawo gemunsa.

Da muka isa zangon ni da Alhaji a motarsa, ban tsaya shan ruwa ba, akwatin na nufa, don in ga irin ɓarnar da aka yi wa aikina. Na buɗe. Ƙulli ukun da tsohon ya kwance ya maida su, yatsa huɗu-huɗu, da zaren da ya murza da gashin raƙumi, kuma sai da na sa ido sosai kafin na raba nasa da nawa. Bakin tiyon ya toshe shi da laka da ƙaya. A jikin ƙofar kuma, daga ciki, ga wata sabuwar fata a rataye, ba ta kan kowace waya. An zana mata layi uku a jere, da ƙulli ɗaya a tsakiyarsu.

Na san shaidar gidajen zangon duka a lokacin, wannan ba ta cikinsu. Tsohon yana bayana da butar shayinsa.

"Baba, wannan ta wane gida ce?"

"Na zagaya har zango huɗu na tambaya, babu mai irinta," in ji shi. "Na ga ba ka da raƙumi, ba ka da akuya. Amma abu in na mutum ne, ana sa masa shaida. Taka ce."

Ni da bakina ba ya mutuwa, ran nan akwatin na koma wa. Na juya na yi kamar ina duba wata waya, na daɗe ina duba ta, ita kuwa lafiyarta lau.